Shiftar SRAM da direlar Shimano a keke ɗaya: wanne ke haɗuwa, wanne baya haɗuwa

"Assalamu alaikum Oga. Ni ɗalibi ne ina zaune a Yelwa ta Bauchi, bara na sayi keken hawan dutse ɗan gwanjo, taya 26, faranti uku a gaba giya tara a baya, shifta da direlar baya duk SRAM X5. Ran Asabar mun fita da abokai ta hanyar Dass na faɗi a kan dutse direlar ta karye. Na kai wa mai gyara a unguwarmu ya sa min Shimano Alivio ita ma ta giya tara, yace duk ɗaya ne. Tun ranar giya bata zauna ba, in na danna sau ɗaya sai ta tsallake, wani lokaci ta tsaya a tsakiya tana ƙara, kuma kafin in gama dannawa kaca ta riga ta kai ƙarshe. Ya juya sukurori har ya gaji. Wai ba a haɗa kayan kamfani biyu ne a keke ɗaya? Sannan na ga kaset SunRace 11-40 da kaca KMC ina so in saya saboda hawa, kuma abokina zai bani shiftar Deore mai giya goma kyauta. Dan Allah wanne zai yi wanne ba zai yi ba, kar in zubar da kuɗi."

Wa alaikumus salam ƙanina, sannu da faɗuwa, Allah ya tsare gaba, tunda ƙarfe ne ya karye ba ƙashi ba alhamdulillahi. In na fahimce ka tambayarka gida biyu ce, na farko me ya sa shiftar SRAM taƙi tafiya da direlar Shimano alhali dukansu na giya tara ne, na biyu kuma a cikin kayan da ke juya keke, wato shifta (abin dannawa a canja giya), direla (mai tura kaca daga giya zuwa giya), kaset (jerin fayafayai masu haƙora na tayar baya), kaca, faranti (mai haƙora na wajen feda) da shaf ɗin feda, wanne ake iya ɗaukowa daga wani kamfani a haɗa da na wani. Toh ana haɗawa, sosai ma kuwa. Sabon keke fil daga kwali zaka ganshi da direla Shimano, kaca KMC, kaset SunRace, faranti kuma na wani kamfanin daban, yana tafiya lafiya lau. Wuri ɗaya ne ba a wasa da shi, tsakanin shiftar dama da direlar baya, kuma daidai nan ɗin aka haɗa maka. Mai gyaranka ba cutarka yayi ba, kekunan da suka fi zuwa hannun masu gyara a garin nan kusan duk tsarin Shimano ne na giya 6 da 7, a kansu kuwa kowace direla ka ɗauko tana hawa, shi yasa ya ɗauka naka ma haka ne.

Inda matsalar take

A da can abin canja giya ba ya ƙas-ƙas, ɗan hannu ne kawai kana turawa a hankali kana saurare da kunnenka har kaca ta zauna a kan faifan da kake so. A wancan tsarin kowace direla tana aiki da kowane hannu, saboda kai ne ma'aunin. A 1984 kamfanin Shimano na Japan ya fito da tsarin SIS, wanda kowane danni ɗaya ke jan waya daidai wani tsayi da aka ƙayyade, ba ƙari ba ragi, ita kuma direla ta matsa gefe daidai tazarar faifai ɗaya. Daga ranar sai abubuwa uku suka zama dole su yarda da juna: tsayin wayar da shifta ke ja a danni ɗaya, yadda direla ke ninka wannan jan, da tazarar da ke tsakanin faifai da faifai a kaset. SRAM kuma an kafa shi a 1987 a Chikago ta Amurka, ya fara ne da shiftar murɗawa Grip Shift, da ya zo yin direlarshi ta keken dutse a shekarun 1990 sai ya zaɓi wani lissafi daban, shifta ta ja waya da yawa direla ta ninka kaɗan, shine suke rubutawa 1:1 a jiki. Dalilinsu mai kyau ne, in wayar da ake ja tana da yawa to ɗan datti ko ɗan sakin waya baya ɓata saiti da wuri, kuma ga mu da ke tuƙi cikin ƙurar hunturu wannan ba ƙaramin abu bane.

Ga lissafin naka. Kaset mai giya tara, na Shimano ne ko SRAM ko SunRace, daga tsakiyar faifai zuwa tsakiyar na kusa da shi kusan milimita 4.35 ne. Shiftar Shimano ta tara tana jan waya kusan milimita 2.5 a danni ɗaya, direlarta ta ninka wajen sau 1.7, ka ga an faɗo kan 4.3 ɗin. Shiftar SRAM X5 ta tara tana jan kusan milimita 4, direlarta ta ninka wajen sau 1.1, nan ma an faɗo wuri ɗaya. Kowanne da abokin tafiyarshi daidai yake. Yanzu kai an haɗa maka mai jan 4 da mai ninka 1.7, danni ɗaya direla na tafiya kusan milimita 6.8, faifai ɗaya da rabi kenan. Ka ɗauki kaset kamar matakalar bene, kai kuma kana yin taku ɗaya da rabi a kowace ɗaga ƙafa, wani takun zai sauka daidai a kan matakala, wani kuma a bakin gefe. Danni na farko 6.8, ya wuce faifai na biyu bai kai na uku ba, shine ƙarar da kake ji ko tsallaken. Danni na biyu 13.6, ya kusa daidai da tazara uku, a nan zata yi kamar ta zauna har mai gyara yace an samu. Na uku ta sake ɓacewa. Daga ƙaramin faifai zuwa babba gaba ɗaya bai kai milimita 35 ba, kaga a danni na biyar ka riga ka ƙure, saura danni uku a hannunka babu inda zasu je. Wannan fa shine ainihin abin da ka kwatanta min, ba saura.

Kuma dan Allah ka daina danna waɗancan ukun da ƙarfi, ko waya ta tsinke ko haƙoran cikin shiftar su gutsure, alhali shiftar lafiyarta ƙalau. Sukurorin nan biyu da yake ta juyawa, masu H da L, basu da ruwa da saitin danni, aikinsu kawai su tsayar da direla kar ta wuce ƙaramin faifai ta faɗa jikin bodi, kar kuma ta wuce babba ta shiga sifok. In ya sassauta L da yawa wajen neman saiti to akwai haɗari, wata rana kana hawa direla zata shige cikin taya ta tafi da sifok da hanga, wato ƙarfen da take ɗaure a jikinshi, har da ita kanta. Kafin ka sake hawa keken ka tura direlar da hannu zuwa babban faifai ka tabbata tana tsayawa bata taɓa sifok.

Yadda za a gyara

Tunda ka riga ka biya kuɗin Alivio kuma direla ce mai kyau mai jure wahala, ni shawarata ka barta a wurin ka canja shiftar dama kaɗai. Nemi shiftar Shimano ta giya tara, Altus, Acera, Alivio ko tsohuwar Deore ta tara, duk jansu ɗaya ne, ba sai sunan ya zo ɗaya da na direlar ba. Kekunan da ke zuwa da X5 yawanci hannun birki daban shifta daban, to ka nemi wadda take ita kaɗai ba mai haɗe da hannun birki ba, musamman in birkinka na mai ne. Shiftar hagu kar ka taɓa ta, a gaba SRAM da Shimano na keken dutse jansu ya yi kusa da juna sosai, suna aiki tare babu gardama, in bai dame ka ba hagu wani iri dama wani iri to kuɗinka ya huta.

Ɗaya hanyar ita ce ka mayar da Alivio ka nemo direlar SRAM mai 1:1, X4, X5, ko X7 da X9 na zamanin giya tara. Tana yi tsaf, sai dai samunta a Bauchi sai an dace da keken da aka farfasa, kuma in ta sake karyewa ka koma neman da ka yi a baya. Wannan shine dalilin da yasa nake karkata mutane zuwa tsarin Shimano na 7, 8 da 9, ba wai don ya fi inganci ba, don kayanshi sun cika ƙasa ne, ko a Dass ko Alkaleri ta lalace maka zaka samu wadda zata kawo ka gida. Domin direlar Shimano ta keken dutse daga giya 6 har 9 duk ninkinsu ɗaya ne, ita direla bata san giya nawa ne ba, shifta ce ke ƙirgawa. Tourney ta giya bakwai zata bi shiftar tara, bata kai Alivio tsaf-tsaf ba amma zata canja. Ko Claris da Sora na keken tsere ma suna bi, illa dai da yawansu basa ɗaukar babban faifai.

Akwai kuma hanyar da nake so wadda matasa ke rainawa, ka sa ɗan hannun nan na turawa da babban yatsa marar ƙas-ƙas. Da shi babu ruwanka da wane kamfani ne, kowace direla da kowane kaset suna tafiya, ga araha ga wuyar lalacewa. A giya tara yana buƙatar hannu ya saba don tazarar ƙarama ce, kuma a gangaren duwatsu inda kake riƙe da kan keke da ƙarfi bai kai mai danni sauri ba, amma wanda ke tafiya mai nisa cikin ƙauyuka ni shi nake sa mishi. A ƙasashen waje ana sayar da wani ɗan gare-gare mai suna ShiftMate da ake sa wa a kan waya ya canja yawan jan, amma kafin ka biya kuɗinshi da na kawowa ka sayi shifta har da canji.

Wani abu da ke rikita mutane, ba duk shiftar da aka rubuta SRAM ce mai 1:1 ba. Sun yi wasu musamman don direlar Shimano, irin su MRX ta murɗawa da ke kan kekuna masu giya 18 da 21 da yawa, da Attack. Shi yasa wani zai rantse maka ya ga SRAM da Shimano suna aiki tare a kekenshi, kuma gaskiya ya faɗa.

Shiftar Deore ta abokinka

Ka karɓa ka gode mishi, amma ba zata hau kekenka yadda yake yanzu ba, duk da cewa ita da Alivio ɗin gidansu ɗaya. Da Shimano ya koma giya goma a keken dutse wajen 2010, tsarin da ya kira Dyna-Sys, ya canja lissafin, shifta ta koma jan waya da yawa direla ta koma ninki wajen 1.2. Saboda haka shiftar goma ta keken dutse da direlar tara basa jituwa, kusan irin matsalar da kake ciki zaka sake shiga. In zaka yi amfani da ita sai ka sayi direlar goma, kaset na goma mai tazara 3.95, da kaca ta goma, hob ɗinka, wato cibiyar tayar baya, shi ne kawai zai tsira don kaset na 8, 9 da 10 duk gangar hob iri ɗaya suke hawa. Kyauta ɗaya ta ja maka sayen abu uku, a kan ƙarin faifai ɗaya. Ni ban ga ribar ba ga ɗalibi.

Nan zaka gane cewa sunan kamfani ba shine abin dubawa ba. Shimano CUES da ya fito a 2023 yana da na giya tara, amma baya haɗuwa da tsohon tara irin naka, shifta da direla da kaset nashi ne shi kaɗai. microSHIFT na Taiwan suna da shiftocin da ke bin Shimano, amma Advent ɗinsu mai giya tara sai da shiftarshi. SRAM ma na goma da na sha ɗaya kowanne da jan wayarshi daban da na tara. Kayan Chana irin su L-Twoo wasu an yi su su bi Shimano wasu su bi SRAM, sai ka karanta abin da aka rubuta a kwalin.

Kar a manta da faɗuwar

Ko ka sa shiftar da ta dace akwai abin da nake tsoro, faɗuwar da ta iya karya direla da wuya ta bar hanga a miƙe. Hanga shine ɗan ƙarfen alminiyon da direla ke ɗaure a jikinshi, da gangan aka yi shi da laushi don ya lanƙwashe ko ya karye a madadin bodi. Tsaya a bayan keken ka duba, ƙananan tayoyin direla guda biyu su kasance a layi ɗaya a tsaye ƙarƙashin faifan da kaca take, in ka ga ta ƙasan ta karkata zuwa ciki to hanga ya tanƙware. Alamarshi a tuƙi ita ce giya ta zauna a ƙananan fayafayai ta ƙi a manya, in ka saita manya ƙananan su ɓaci. A rumfata keken da aka kawo da kukan giya bata zama, hanga nake fara dubawa kafin in taɓa komai, kuma sau da yawa a nan maganar ke ƙarewa. Ana miƙe shi a hankali sau ɗaya, in an yi ta lanƙwasawa ana mayarwa alminiyon tsagewa yake.

Sai waya da bututun da take bi. Bututun birki da na giya ba ɗaya bane ko da yake sun yi kama, na birki ƙarfen cikinshi a naɗe yake kamar sifirin, yana matsewa in an ja, na giya kuma siraran wayoyi ne a miƙe a tsaye don kar ya matse ko kaɗan. Ana yawan sa na birki a giya a garin nan don shi ya fi samuwa, a giya shida zaka sha, a tara inda rabin milimita ke da tasiri ba zaka taɓa samun saiti mai ɗorewa ba. In zaka sa sabuwar shifta ka sa sabuwar waya da sabon bututu gaba ɗaya, musamman ɗan guntun nan na ƙarshe da ke lanƙwasa ya shiga direla, nan ƙurar hunturu da jar lakar damina ke taruwa.

Kaset da kaca

SunRace zai hau hob ɗinka, tazararshi daidai take, ba matsalar kamfani ko kaɗan. Matsalar lambar 40 ce, wato yawan haƙoran babban faifai. Kowace direla tana da iyakar babban faifan da take iya hawa, Alivio da Acera da Altus na tara iyakarsu 34 ne ko 36 ya danganta da samfurin, a kan 40 ƙaramar tayar sama zata riƙa gogar haƙora ko ka ƙure sukurun B, wanda ke nisanta ta da fayafayai. Ana ƙara wani ɗan ƙarfe a hanga ya sauko da direla ƙasa, yana sa ta hau, amma canji a ƙananan fayafayai sai ya yi nauyi don direlar ta yi nisa da su. Sannan ga iyaka ta biyu wadda mutane basa lissafawa, yawan sakin kacar da direla ke iya kwashewa. Ka cire ƙaramin faranti daga babba, ka cire ƙaramin faifai daga babba, ka haɗa. In farantanka 44-32-22 ne kamar yadda aka saba a irin kekenka, 22 kenan a gaba, kaset 11-40 kuma 29, jimla 51. Doguwar Alivio iyakarta 45. Ko dai kaca ta yi tsawo tana lilo a ƙananan giya, ko ta yi gajarta ranar da ka manta ka haɗa babba da babba ta fizge direlar.

Kuma ma baka buƙatarshi. Irin wannan kaset an yi shi ne don masu faranti ɗaya ko biyu a gaba. Kai da ke da faranti mai haƙora 22, in ka sa kaset 11-34 jimlar ta zo 45 cif, kuma 22 a gaba 34 a baya da taya 26 juyin feda ɗaya baya kai ka mita ɗaya da rabi, duk hawan da wannan giyar ta kasa a duwatsun Mbula to taya ce zata riƙa sulɓi ko gaban keke ya ɗaga, ba ƙarancin giya bane. Ka duba ma wataƙila 11-32 ko 11-34 ne a kai yanzu.

KMC kuwa saya ba fargaba, sana'arsu kenan, kawai ta kasance ta giya tara. Duk kacar keke tsayin gaɓarta ɗaya ne, rabin inci, wato milimita 12.7, faɗi ne ya bambanta. Ta giya 6 zuwa 8 ta ɗan haura milimita 7, ta tara wajen 6.6, ta goma ƙasa da 6 kaɗan, haka take ƙara sirancewa har 12. In ka sa ta takwas a kaset na tara zata riƙa gogar faifan gefe tana neman hawa da kanta, ta goma a kan tara tana tafiya amma a tsofaffin faranti tana iya maƙalewa tsakanin biyu. Kacar keken da ba giya irin su Phoenix kam ko kusa kar ta zo.

Abin da ya fi damuna a nan shine yadda ake haɗa kaca. An saba a ɗora ta a kan noti a buga fil da ƙusa da guduma, a mayar da fil ɗin a daddaƙe, a kacar keken dako wannan yana yi don fil ɗin ya leƙo waje sosai. Ta giya tara bakin fil ɗinta a daddale yake daidai da jikin gaɓa, in ka fitar da shi ya riga ya buɗe ramin, in ka mayar zai riƙe na ɗan lokaci sai ranar da ka miƙe tsaye a kan feda kana hawa ta ɓalle, faɗuwar kuma ba daɗi. KMC tana zuwa da mahaɗinta mai shiga da hannu, shi zaka sa, kuma ka riƙe guda a aljihun sirdi in zaku fita daji, na giya tara. Tsawonta kuma ka zagaya babban faranti da babban faifai ba tare da ka bi ta cikin direla ba, inda bakin biyu suka haɗu ka ƙara inci ɗaya.

Kafin ka saya auna tsohuwar. Sa rula a tsakiyar fil ɗaya, a sabuwar kaca inci 12 zai faɗa daidai tsakiyar wani fil. In ya wuce da kusan milimita ɗaya da rabi lokacin canji yayi, in ya kai uku to ta riga ta cinye kaset, sabuwar kaca a kan wannan kaset zata riƙa zamewa in ka taka da ƙarfi, sai mutum yace ai don kamfaninsu ba ɗaya bane, alhali tsufa ne. A irin wannan sai a canja su tare. Baƙin man inji da ake zubawa kuma shi ke kashe kaca da wuri a garin nan, yana kama ƙura ya zama kamar dutsen wasa wuƙa a cikin gaɓoɓin, mai kaɗan mai tsabta a kowace gaɓa sannan ka goge na waje da tsumma.

Masu keke mai giya 18 ko 21 da ke karanta wannan, naku yawanci firiwil ne mai ɗaurawa da zare ba kaset ba, zaren kusan duk ɗaya ne don haka na kowane kamfani yana hawa in yawan giyar ya zo ɗaya da shifta, amma kaset baya hawa wannan hob ɗin sai an canja hob ko wilin gaba ɗaya.

Gaba da tsakiya

Faranti mai noti huɗu na ma'aunin 104 da ƙaramin 64, wato faɗin da'irar notukan a milimita, kamfanoni da yawa sun yi tarayya a kai, zaka iya sa na wani a hannun fedar wani. Shaf ɗin tsakiya ne ke da rassa. Mai kusurwa huɗu ya fi sauƙi, sai dai ka kula da tsawonshi don shi ke sa faranti ya daidaita da kaset, in yayi tsawo direlar gaba ba zata kai babban faranti ba. Octalink tsaga takwas ne ISIS goma, basa shiga juna ko da ido ya ga kamar zasu shiga. Hollowtech II na Shimano milimita 24 ne daga farko har ƙarshe, GXP na SRAM 24 ne a dama 22 a hagu, DUB kuma kusan 29, kowanne da kofin boris ɗinshi. Direlar gaba kuwa ka duba kaurin bututun bodi, milimita 28.6 ko 31.8 ko 34.9, da ko wayar daga sama take zuwa ko daga ƙasa.

Na giya 12 zan taɓa shi sama-sama don ba naka bane. SRAM Eagle ya fito a 2016, Shimano ya biyo a 2018, kaset ɗinsu masu farawa da haƙora 10 kowanne da gangarshi, XD da Micro Spline, basa hawa ta juna kuma basa hawa irin taka, sai NX da SX masu 11-50 su ne ke hawa tsohuwar ganga. Masu canja giya da batir da tsarin Transmission na SRAM na 2023 kuwa ba kayan da ke zuwa rumfata bane, ba zan ba da fatawa a kansu ba, wanda ya mallaki irinsu ya bi takardar kamfanin.

In zaka shiga kasuwa

Ni ban ga kekenka da idona ba, da bayaninka nake aiki, don haka ka tabbatar da lambobi kafin ka fitar da kuɗi. Kayan Shimano suna da lamba a jiki, direla ta fara da RD a bayanta, shifta SL a ƙasanta, kaset CS. RD-M4000 ko M3100 Alivio ce ta tara, M3000 Acera, M2000 Altus, M591 da M592 Deore ta tara, amma M610, M615 da M6000 Deore ce ta goma, kaga suna ɗaya lissafi biyu. Ko a kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal ko wajen masu farfasa kekunan gwanjo, ka ƙirga dannin shiftar da hannunka, ta giya tara takwas take yi, kuma kowanne ya kama da ƙarfi, wadda ke wucewa fayau wani lokaci tsohon giris ne ya daskare a ciki kuma wanki na tayar da ita, wani lokaci kuma haƙori ya tafi. Jabu ma suna yawo da manyan sunaye, rubutun ba tsaf ba, babu lamba a jiki, ni tsohuwar asali ta gwanjo ta fi min sabuwar da ban yarda da ita ba.

In an ɗaura, a fara saita H da L kafin a ɗaure waya, a mayar da shifta kan ƙaramin faifai, a ja waya da hannu a ɗaure ta ta gefen da aka yi mata tsaga a ƙarƙashin notin, don in ta bi ta ɗaya gefen shi ma yana canja ninkin. Danna sau ɗaya, in kaca ta yi jinkirin hawa faifai na biyu a warware ɗan mariƙin da bututu ke shiga cikinshi rubu'in juyi bayan rubu'in juyi har ta hau, in tana gogar na uku a mayar kaɗan. Saitin da aka yi keke na rataye ba shine na ƙarshe ba, ka hau ka nemi ɗan tudu ka bi giya tara ɗin sama da ƙasa a farantin tsakiya kana takawa, kuma bayan 'yan kwanaki zaka ga ta ɗan saki don sabon bututu yana zama a mazauninshi, rabin juyi na mariƙin ya isa. In bayan duk wannan wata giya ɗaya ko biyu ce kawai ke ƙi, to a koma kan hanga, ko ka turo min hoton bayan keken daga daidai saitin taya tare da lambar da ke bayan direlar in duba maka.